Amsa kan ƙa'idojin makarantar horas da lauyoyi

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke hana ɗalibi zama lauya ko da ya iya karatu. Yawanci rashin halartar aji ne. A harabar makarantar da ke Bwari (Abuja) ko Bagauda (Kano), da dangwalen yatsa ake ɗaukar suna; idan ka makara, ranar ta tafi, kuma in fashinka ya yi yawa ba za ka zauna jarrabawar ƙarshe ba.

Lokacin zaman koyo a kotu da ofishin lauya, ka riƙa cika littafin rahotonka kullum, a sa hannu. Masu tantancewa suna gane wanda aka cika dare ɗaya.

Liyafar cin abinci uku da makarantar ke shiryawa wajibi ce, da baƙar kwat da farar riga. Satar amsa kuwa, kar ma ka soma.