Tambaya da Amsa: Da Wane Jari Ƙauye Yake Noma?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A birni na tashi, amma mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonaki a ƙauye, kuma 'yan'uwana suna so a raba. Ina so in fahimci yadda mutanen karkara suke haɗa ƙasa da ƙarfi da kuɗi su yi noma ba tare da banki ba, kafin in amince da rabon. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Tushen noman ƙasar Hausa shi ne gandu, wato uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, su noma gona ɗaya a ƙarƙashin mai gida, su zuba amfanin a rumbu ɗaya. Bisa al'ada 'yan gandu suna aiki daga safiya zuwa azahar, shi kuwa mai gida shi ke ɗauke da ciyarwa da kayan aiki da haraji, har da ɗawainiyar auren fari na kowane ɗa. Da yamma kowa yakan koma gayaunarsa, ƙaramar gonar da aka yanka masa, wadda abin da ta bayar nasa ne shi kaɗai. Wannan rabon lokaci shi ya riƙe gandu, domin saurayin da yake da abin sayen riga daga guminsa ba ya saurin neman ballewa.

Idan aiki ya fi ƙarfin gida, musamman lokacin noman farko da ciyawa ba ta jiran kowa, sai a kira gayya, maƙwabta su taru a gonar mutum ɗaya, shi kuma ya tanadi fura ko tuwo da goro, gobe ya je ya rama. A yau ƙodago ya ci yawancin wurin gayya, kuma wannan sauyi ne ya sa manomi yake buƙatar tsabar kuɗi a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Ƙasa kuwa ba gado da saye kaɗai ke kai ta hannun mutum ba. Akwai aro, akwai haya, akwai jingina, inda mai gona yake karɓar kuɗi ya miƙa gonarsa har ranar da zai biya, kuma dagaci ko mai unguwa ne yawanci shaida. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin zama da amfani da filayen karkara, sai dai gonaki da yawa har yanzu shaidar dattawa da itatuwan iyaka ne takardarsu. Taki ma yana da tsarinsa: bayan girbi makiyaya sukan sauka a gona, shanu su ci kara su bar kashi, manomi ya ba da hatsi.

Inda nake so ka fi lura shi ne rumbu, domin shi ne bankin ƙauye. Da kaka hatsi yana araha saboda kowa yana sayarwa don biki da biyan bashi, da damina kuma ya yi tsada, har wanda ya sayar ya dawo yana saye, ko ya ci falle, wato ya karɓi dami ɗaya ya biya da ƙari bayan girbi. Gidan da ya iya riƙe hatsinsa wata biyar ko shida shi ne mai jari, ko da gonarsa ba ta fi ta maƙwabcinsa ba. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma suke kulle hatsi a sito su karɓi rance a kansa, su sayar idan farashi ya tashi. Kada kuma a manta da mata, waɗanda adashinsu da awakinsu da cinikin ƙuli-ƙuli sukan sayi buhun takin da mai gida ya kasa saye. Zakkar amfanin gona, kashi ɗaya cikin 10 a noman damina da ɗaya cikin 20 a wanda aka sha wahalar ban ruwa, ita ma tana mayar da hatsi gidajen da suka rasa.

Game da gonakinku, rabon gado haƙƙi ne na shari'a, don haka a raba, kowa ya san kasonsa, mata da maza, a kuma rubuta a gaban shaidu. Shawarata ita ce bayan haka ku ci gaba da noma tare idan akwai amana, domin garmar shanu guda da sito guda sun isa babbar gona, alhali ƙananan yankuna kowanne sai ya nemi hayar nasa. Kai da kake birni ka kawo kuɗin iri da taki, waɗanda suke gida su kawo ƙarfi, ku yanke kason kowa tun kafin ruwan shuka ya sauka.