Fim ya sa na zargi aminiyata da neman mijina

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya ƙoƙari da jama'a? Allah ya saka da alheri.

Ni matar aure ce a Zariya, shekarata 29, shekararmu bakwai da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana yana sayar da kayan gyaran mota a Abuja, sai bayan mako biyu yake zuwa gida ya kwana biyu ya koma. Tsakani da Allah ban taɓa kama shi da wani abu ba.

Tun lokacin kullen korona a 2020 na kamu da kallon finafinai masu dogon zango. Da farko na Arewa24 kawai nake bi, daga baya na koma YouTube, har ya zama babu daren da ba ni da shirin da nake jira. Muna da zaure a WhatsApp mu matan unguwa, da an saki sabon kashi sai sharhi, wani lokaci har ƙarfe ɗayan dare.

Akwai wani shiri da miji yake neman aminiyar matarsa a ɓoye, matar kuwa ba ta da abokiyar shawara sai ita. Wata uku muna tsine wa wannan aminiya. Rannan wata a zauren ta ce duk macen da ta bar ƙawa tana yi mata sintiri a gida ta kuka da kanta. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ina da aminiya tun muna aji ɗaya a sakandare, bara aurenta ya mutu, kusan kullum tana gidana. Sai na fara sa ido: yadda take gaishe shi, turaren da take sawa ranar da zai dawo, har dariyarta.

Wata Asabar yana wanka na ɗauki wayarsa, na ga saƙonta: "Yaya, don Allah kar ta ji maganar nan tukuna." Anti, idona ya rufe. Ban tambaye shi komai ba. Washegari a gidan suna, a gaban mata, na kira ta maciya amana, har gorin zawarci na yi mata. Ba ta ce uffan ba, ta ja mayafinta ta fita.

Ashe rancen naira dubu 150 ta nema a wurinsa, za ta biya kuɗin makarantar ɗanta da uban ya ƙi biya. Kunyata take ji saboda ina binta kuɗin adashi. Ya nuna mini saƙonnin tun daga farko, har da shaidar tura kuɗin.

Yau wata guda ke nan ba ta ɗaga wayata. Maigida ya sa wa wayarsa lambar sirri, ya daina sa mini data, ya ce kada ya ƙara ganin ana kallon fim a gidansa. Na san na yi laifi, amma ina ganin hukuncin ya yi tsauri, shi ma ai ya ɓoye mini. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu ina kallo a wayar maƙwabciyata. Yaya zan yi?

Taki,
Maman biyu, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata.

Bari in fara da abin da kika bari sai ƙarshe. Wayar maƙwabciyar nan ki rabu da ita daga yau. Kina kukan an yi miki ɓoye-ɓoye, ga shi kin buɗe naki. Zai gano, tunda yara ba sa riƙe magana, kuma ranar ba zancen fim zai yi ba, cewa zai yi bai isa da ke ba.

Amma wadda aka fi zalunta a labarin nan ba ke ba ce, ba kuma maigidanki ba ne. Bazawara ce da aka kira maciya amana a gidan suna. Kin san halin unguwa, kafin a raba waina maganar ta tsallaka katanga, kuma duk wanda ya fito neman aurenta nan gaba sai an sami mai tsegunta masa. Mace ce da aurenta ya mutu, uban ɗanta ya juya mata baya, ta ɓoye miki talaucinta don tana jin nauyinki. Irin wannan ba a gyara shi da kiran waya. Ki taka da ƙafarki har gidansu, ki tafi da babbar da take jin kunya, mahaifiyarki ko yayarki. Kada ki ce fim ne ya ja, kada ki ce sharrin Shaiɗan ne. Ki ce mata, "Na yi miki ƙazafi, ki yafe mini." Sannan matan da suka ji zagin, su ma ki bi su ki gaya musu ke ce kika yi kuskure, ba tare da kin tona zancen rancen ba, domin wannan sirrinta ne. Mai yiwuwa ta yafe amma ba ta dawo gidanki kamar da ba. Idan haka ta faru kada ki matsa mata.

Ki buɗe Suratul Hujurat, aya ta 12. Ta hana yawan zato, ta hana binciken asirin mutane, ta hana cin naman juna. Biyun farko a jere kika taka su, zato ya kai ki ga wayar, wayar ta kai ki gidan suna.

Ni ba na cikin masu tsine wa kallo. Mu ma mun yi zamanin cika falon mai talabijin ɗaya a unguwa don kallon Samanja na marigayi Usman Baba Pategi. To amma ana gamawa ake kashewa, kowa ya kama gabansa. Na yanzu kasuwa ce daban. Mai shiri a YouTube da talla yake mayar da kuɗinsa, kuma kafin a fara ba shi kason talla sai tasharsa ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Ke nan yana buƙatar ki dawo mako mai zuwa, ki jawo wata. Labarin mijin da ya ranta wa ƙawar matarsa kuɗin makaranta, ta biya, aka rabu lafiya, wa zai ƙona data a kansa? Dole marubuci ya zuba cin amana, ya yanke daidai inda matar ta murɗa ƙofa. Sana'arsa ce, ban ga laifinsa ba. Hatta irin su Big Brother Naija da ake ce wa na zahiri, zaɓo mutanen ake yi, a kulle su a gida ɗaya ba waya, a ɗora kuɗi a gabansu, sannan abin da ke yawo a wayoyi 'yan mintocin rigimar ne, ba awoyin da suka yi suna barci ba. Ko da Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025, batun kai mata su ta duba ne kafin a saki. Ba ta da hanyar hana mai kallo auna mijinta da mijin cikin fim.

Abin da ya fi fim ɗin cutar da ke ma zauren nan ne. Wadda ta ce ki kuka da kanki ba ta san aminiyarki ba, ta yi sharhinta ta yi barci. Ki fita daga ciki, ba sai kin yi sallama ba.

Maigida kuwa yana da nasa kason. Taimako ya yi, Allah ya ba shi lada, amma magidancin da ya yarda ya riƙe sirri da ƙawar matarsa shi ya bar ƙofar zargi a buɗe. Da ya ce mata, "Zan ba ki, amma sai na gaya wa ƙawarki," da ba mu zo nan ba. Sai dai ki ajiye wannan tukuna. In kika haɗa ta da ban haƙuri, ramuwa zai ɗauke ta. Ki ba shi haƙuri kan wayarsa, ki yi shiru, lambar sirrin ma kada ki tambaya.

Bayan ƙura ta lafa, akwai abin da na gani a wasiƙarki wanda ke ba ki faɗa ba. Kwana 12 cikin 14 daga ke sai yara da bango. Cire data ba ya maganin wannan. Ki gaya masa haka cikin ladabi, ku nemo abin da zai cike yinin, ko Islamiyya ko ɗinki ko 'yar sana'a a gida. Daga nan ki roƙi arziƙin shiri ɗaya tak, wanda za ku kalla tare ranar da ya zo. Maza da yawa da ke zagin fim, in aka kunna su ne masu tambayar wace ce wannan.

Ki rubuto mini bayan kin je gidan aminiyarki, ina son jin yadda ta karɓe ki.

Anti