Tambaya da Amsa: Lafiyata lau, me zai sa in shiga inshorar lafiya?

Tambaya: Ni tela ne mai zaman kaina, ba ni da albashi balle a cire mini wani abu a ƙarshen wata. An ba ni shawarar in yi rajistar inshorar lafiya da kaina, amma na yi shekaru ban kwanta a asibiti ba. Shin ba asara ba ce in riƙa biya alhali lafiyata lau?

Amsa: Malam, tambayarka ta shafi jama'a masu ɗimbin yawa, domin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kimanin mutum biliyan 2, wato fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna neman abincinsu ne a sana'o'in da ba su da rajista da hukuma.

A ganina, kai ka fi mai albashi buƙatar inshora. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, keken ɗinki zai tsaya, ciniki ya yanke, kuɗin magani kuma ya taso a lokaci guda, kuma a irin wannan hali ne mai sana'a yakan sayar da kayan aikinsa don biyan kuɗin tiyata.

Asusun inshora yana tafiya ne da gudummawar masu lafiya, wadda ake kula da marasa lafiya da ita. Inda shiga ta zama ganin dama, waɗanda suka riga suka san suna da ciwo su ne ke rububin rajista, masu ƙoshin lafiya su ja baya, har asusun ya kasa ɗaukar nauyinsa. Ƙasar Tailan ta daɗe tana fama da wannan matsala a tsarinta na katin lafiya na ganin dama, kafin ta koma a 2002 ga tsarin da haraji ke ɗaukar nauyinsa. Wannan ne ya sa tsare-tsare da dama suke sanya wa sabon shiga wa'adin jira kafin ya fara amfana, don haka wanda ya bari sai ciwo ya kama shi ya makara.

Kafin ka biya, ka nemi a nuna maka a rubuce cututtuka da magungunan da tsarin ya ƙunsa, da asibitocin da ke karɓar katin, ka kuma tambaya ko ana iya biya kashi-kashi, tunda samun mai sana'a ba kullum yake daidai ba. Ka rubuta ranar sabuntawa inda idonka zai riƙa gani, domin abin takaici ne mutum ya isa teburin karɓar marasa lafiya da yaro a kafaɗa, a duba katinsa a ce masa wa'adinsa ya ƙare tun watan jiya.