Baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma: yaushe abin ke zama hatsari?

Tambaya: Likita, mahaifiyata mai shekara 54 tana da hawan jini. Tun shekaranjiya ɗigon baƙin da ke tsakiyar idonta na hagu ya fi na dama girma, fatar idon ta sauko, tana ganin abu bibbiyu, kuma kanta na ciwo. An ce mu sa mata maganin ɗigawa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ku ajiye maganin nan, ku kai ta asibiti yau, kada ku bari sai gobe.

Kusan mutum 1 cikin 5 ɗigon idanunsa bai zama daidai ba, amma bambancin kaɗan ne, bai kai milimita 1 ba, kuma haka aka saba ganinsa. Tsohon hoto ma kan nuna shi. Wani kuma maganin ido irin su atrofin ke buɗa masa, ko ya taɓa zaƙami ya murza ido.

Na Mama daban ne. Jijiyar da ke tsuke ɗigon ido, ta ɗaga fatar idon, ta kuma juya shi, tana wucewa dab da wata jijiyar jini a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Idan bangon jijiyar jinin ya yi rauni ya kumbura kamar balan-balan, sai ya danne jijiyar idon. Zaren da ke tsuke ɗigon a gefen jijiyar yake ta waje, shi ya sa yakan riga saura jin jiki. Sai ɗigon ya buɗe, ko an haska tocila ba ya tsukewa sosai, fatar ta sauko, idon ya karkata ƙasa da gefe. Ciwon suga ma kan kashe wannan jijiya, sai dai galibi yakan bar ɗigon yadda yake. Buɗewar nan ita ta tayar min da hankali.

Kumburin da ya fara danna jijiya yana iya fashewa kowane lokaci. In ya fashe, ciwon kai ne da mutum bai taɓa jin irinsa ba, cikin ƙiftawar ido, da amai, da sanƙarewar wuya, wani ma ya suma.

Ku nufi asibitin da ke da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ku gaya musu ranar da abin ya fara. Za a ɗauki hoton jijiyoyin jinin kai da na'urar CT ko MRI. In an ga kumburin, akan maƙale wuyansa da ɗan ƙarfe ta hanyar tiyata, ko a toshe shi da siririyar waya ta cikin jijiyar jini. Kafin ku isa, kada a ba ta asfirin, kuma ku tafi da magungunan hawan jininta.