Yadda ake ɗaura madubin hangen nesa a bindigar farauta

Ɗan'uwa daga Garwa, ka ce ka sayo madubi da zobba biyu masu riƙe shi a kan bindiga, ta ina za ka fara? Cire harsashi tukuna. Sannan duba kaurin bututun madubin: ko inci 1 ne ko milimita 30, zobban dole su dace da shi, babu dabara.

Ɗora madubin a cikin zobban a kan bindigar, kada ka matse sukurorinsu tukuna. Kafa bindigar a kafaɗa yadda kake harbi, ka riƙa turo madubin gaba da baya har hoton ya cika, tazarar ido da madubin kamar santimita 8 zuwa 10. In ya matso kusa, bugun bindiga zai fasa maka gira. Daidaita gicciyen saiti da ake gani a cikin madubin ya miƙe, sannan ka matse kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai wancan. Matsewa da ƙarfi tana lotsa bututu.

Gwajin harbi kuma fara daga nisan mita 25, kafin 100.