Amsar Goggo kan yankan Kirsimeti da kwanon maƙwabta

Ɗiyata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, ban amsa da wuri ba don ba maganar layi biyu ba ce. Kin tambaye ni mi ya sa gidanmu tun kina ƙarama sai an kira mahauci Musulmi shi yanka muna akuyar Kirsimeti alhali ga maza cike da gida, kuma yanzu da kinka yi naki gidan ko dole ne ki ci gaba da aika kwano gidajen maƙwabta Musulmi, tunda wata a ƙungiyarku ta matasa ta ce wai tsoro ne da neman gindin zama, ke kuma tun kisan ɗalibar nan a Sakkwato a 2022 zuciyarki ba ta kwanta ba.

Maganar yanka ba ta da wuya. Mu a wurinmu ko wa ya riƙe wuƙa nama nama ne, ki duba Korintiyawa ta fari sura 8 da sura 10, da Romawa sura 14, manzo Bulus ya nuna abinci ba shi kai mu kusa da Allah kuma ba shi nisanta mu, har ya ce mu ci abin da ake saidawa a kasuwa ba sai mun tsaya bincike ba, abin da ya ja muna kunne a kai shi ne kada cinmu ya zama abin tuntuɓe ga wani. Su kuwa maƙwabtanmu suna da ƙa'idar yanka. Akwai malamansu da ke cewa yankan Ahlul Kitabi halal ne, akwai masu ƙyama, kuma yawancin mutanen unguwa hankalinsu ya fi kwanciya in sun san nasu ne ya yanka. To mi za mu rasa? Mu ba mu rasa komi ba, su kuma sun samu su ci da sakin zuciya. Ki tambayi ƙawar taki naman da take saye kullum a kasuwar Sakkwato, da tsiren da take ci da dare, wa ya yanka? Ai duk hannun mahautan garin nan ne, ba ta taɓa cewa bangaskiyarta ta ragu ba.

Kakanki in ya sawo dabba a kasuwar dabbobi ta Kara, da gangan yake sa a yanka ta a ƙofar gida da safe inda kowa ke gani, ba don nuna arziki ba, don kada wani ya yi shakka in kwano ya iso mishi. Tukwanen da ake dafa abincin baƙi daban suke, giya ba ta shiga gidan, sai a zuba shinkafa da miya da soyayyen nama da cincin a rufe da kyau, a yi maku wanka a sa maku sababbin kaya ku kai, ku dawo da tukuici kuna ta murna. Kin manta naman layya da ke shigo muna ranar Babbar Sallah har sai mun soya mun aje? Da kunu da ƙosai lokacin buɗa baki? Ba wanda ya rubuta wanga a takarda, haka munka taras, kuma ba a abinci kaɗai ya tsaya ba, in anka yi haihuwa mu je barka da suna, in anka yi rasuwa mu yafa gyale mu je zaman makoki mu zauna kan tabarma ɗaya da matan gidan, ranar da kakarki ta rasu kuwa matan unguwa ne sunka fara cika tsakar gida kafin ƴan Zumuntar Mata ta ikilisiya su iso. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Yanzu ga mai nauyin. Ba zan ce miki ki manta da ɗalibar nan Kirista da anka kashe a kwalejin ilimi ta nan Sakkwato a watan Mayu na 2022 ba, ni ma ban manta ba, kuma ba ni son in ji wani na sassauta abin, kisan zalunci ne. Na tuna yadda garin ya yamutse bayan kwana biyu, anka farfasa tagogin babbar majami'ar Katolika ta Holy Family, anka taɓa shagunan mutane, har gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24, mun kwana a rufe muna addu'a ƙasa ƙasa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kowa ya san wahalar samun filin gina majami'a, kowa ya san yaron da ke da takardu masu kyau amma sunanshi ke maida shi baya. Ƙauna ba ta ce mu rufe baki a kan waɗannan ba, Bishop Matthew Hassan Kukah tun da ya zo Sakkwato a 2011 bai bar faɗin abin da ya gani ba, an zage shi a kai sosai, amma shi ɗin ne kuma za ki gani zaune kusa da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar a kwamitin zaman lafiya na ƙasa wanda Janar Abdulsalami Abubakar ke jagoranta. Fadar Sarkin Musulmi ma ta fito ta yi tir da kisan nan. Mutum na iya faɗin gaskiya da safe, da yamma kuma ya je gaisuwa gidan wanda ya faɗa mawa.

Abin da nike so ki riƙe shi ne tsohuwar da ke bayan katangarki ba ita ta ɗauki dutse ba. In kinka hana ta kwano saboda laifin wasu, kin yi mata irin abin da muke kuka ana yi muna, a ɗauki laifin mutum ɗaya a ɗora ma jama'a duka. Ki tuna da limamin nan na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ta jihar Filato, Malam Abubakar Abdullahi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinshi da gidanshi, ya tsaya a ƙofa yana roƙon masu makamai. In da shi ma ya zauna yana lissafin abin da anka yi ma nasu a rikicin Filato, da mutanen nan ba su kwana da rai ba.

A garin nan ba kowa ne zai shiga majami'a ya ji wa'azi ba, ba kowa ne zai buɗe Littafi Mai Tsarki ba ko da yake tun 1932 yana nan da Hausa. Abin da suke karantawa shi ne ke, yadda kike awo in kina saida kaya, ko kina biyan bashi, ko kina gaida tsofaffi, yadda kike da uwar mijinki. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM, masu yaɗa bishara, da sunka zo ƙasar Sakkwato zamanin Turawa ba a sakar masu gari su yi wa'azi yadda sunka so ba, sai sunka zauna a Amanawa suna wanke gyambon kutare waɗanda danginsu ma ke gudu, har yau tsofaffi in ana maganar Amanawa da mutunci suke yi. Amma fa ki kiyaye, kada ki maida kwanon nan ƙugiyar kamun kifi, in kinka ba mutum abinci don ki jawo shi zai gane, kuma ya yi daidai in ya ƙi. Ki ba shi don maƙwabcinki ne, sauran na Allah ne.

Abin da ya fi ci mani rai kuwa ba ki ma tambaya ba, shi ne mu da kanmu. A Yohanna sura 13 Ubangiji Yesu ya ce da ƙaunar da muke yi ma juna ne za a gane mu almajiranshi ne, a sura 17 kuma daren da za a kama shi addu'ar da ya yi ke nan, mu zama ɗaya don duniya ta ba da gaskiya. To dubi yadda muke. Mu ƴan kaɗan ne a Sakkwato amma mun rabu kashi kashi, ɗan ɗarikar ECWA na kallon ɗan Katolika kamar bai tuba ba, ƴan sababbin majami'u na cewa mu tsofaffin ɗariku ba mu da Ruhu, a cikin ikilisiya ɗaya ma sashen Hausa da sashen Turanci na gaba kan kuɗin baiko da lokacin sujada, zaɓen dattawa ya koma wa ya fito daga Zuru, wa ya fito daga Kudancin Kaduna, wa ke Ibo wa ke Bayerabe. CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tun 1976 aka kafa ta don a haɗa kai, amma sai an taɓa mu ne muke tuna hanyar taronta. Lokacin aurenki na ji abin da wasu mata sunka riƙa faɗi don mijinki ɗan Katolika ne, na yi kuka a kai, domin maƙwabciyata Musulma ce ta tare ni tana tambaya, ashe ku ba addininku ɗaya ba? Ba ta yi don tsokana ba, abin ne ya ɗaure mata kai, kuma irin wagga tambaya ta fi jifa ciwo. Saboda haka kwanon farko bana ki kai shi gidan surukanki da gidan matar nan ta wata ɗarika da kuke haɗuwa a famfo.

Za a samu gidan da za su maido miki, ko su karɓa ki ji labarin an zubar, yanzu wa'azi ya yi yawa a waya kuma wasu na hana mabiyansu. Kada ki yi fushi kada ki kai ƙara wurin kowa, gobe ki gaishe su kamar kullum. Irin wanga gida ki daina kai dafaffe ranar biki, ki jira in sun yi haihuwa ko rashin lafiya ki je da sabulu ko lemo ko ɗanyar shinkafa. Ba dole ne ki yanka dabba ba in babu hali, abubuwa sun yi tsada, ko cincin da zoɓo kinka yi ya isa, gida uku ko huɗu na kusa da ke.

Ki yi magana da maigidanki tun yanzu ku san mahaucin da za ku kira, don ranar 24 ga wata layi ake yi masu. In ba ku samu ba ki faɗa mani in turo maku ɗan wanda ke yanka muna, ubanshi ne ya yi ma kakanki. Ki gaida maigidan da surukarki, ki kawo mani yaran bayan sujadar Lahadi in gan su.