Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kula da Injin Motar Hannu Tun Bai Lalace Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke nan Maraɗi. Kwanan nan na sayi Toyota Corolla ta hannu, ƙirar 2004, wadda aka kawo daga Amurka. Agogonta yana nuna 140,000, kuma dillalin ya rantse mini cewa an yi mata juye, wato an sauya baƙin mai, kafin a miƙa mini makulli. Da na kai ta gareji, makanike ya ba ni shawarar a cire mata tamostat saboda zafin garinmu, a kuma riƙa zuba mata baƙin mai mai kauri. Albashina ba zai ɗauki sayen wani inji ba. Me ya kamata in fara yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Abu na farko shi ne ka ɗauka cewa ba ka san komai ba game da tarihin wannan mota, ko da kuwa dillalin mutumin kirki ne, domin shi ma a hannun wani ya karɓa, wancan kuma a hannun wani, tun daga inda aka yi gwanjonta har zuwa tashar jiragen ruwa da ta sauka, Kwatano ce ko Lome. Tun da daga Amurka ta fito, agogonta mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, saboda haka 140,000 ɗin da kake gani ya kai kusan kilomita 225,000. Wannan ma idan ba a taɓa agogon ba ke nan, ga shi kuwa mayar da shi baya ba abu ne mai wuya ba ga masu wannan sana'a.

Don haka ka yi mata juye yanzu, a gaban idonka, tare da sabuwar matatar mai, ka rubuta ranar da lambar agogo a ɗan littafi da za ka ajiye cikin mota. Daga nan lissafinka zai fara. Kamfanonin ƙera motoci suna da jadawali biyu, ɗaya na tuƙin yau da kullum, ɗaya kuma na yanayi mai tsanani, wanda ya ƙunshi ƙura, zafi mai yawa, gajerun tafiye-tafiye da yawan tsayawa inji yana aiki. Duk waɗannan sun taru a Maraɗi, inda zafin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, hazon hunturu kuma ya rufe gari. Jadawali na biyun shi ne namu: juye a kowace kilomita 5,000, ko bayan wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Mai mota da ke cewa bai yi doguwar tafiya ba, daga gida sai makaranta sai kasuwa, shi ne ma ya fi bukatar kiyaye wata shidan, saboda injin da bai daɗe yana aiki da zafinsa ba ba ya ƙone danshi da ragowar fetur da ke sauka cikin mai.

Game da kaurin mai, ban goyi bayan makanikenka ba. Injin Corolla na wannan shekara an ƙera shi ne da ƙananan hanyoyin mai, kuma yana da na'urar VVT-i wadda ke sauya lokacin buɗewar bawul ta hanyar matsin mai. Abin da kamfani ya rubuta masa a Amurka shi ne 5W-30, sau da yawa ma za ka same shi a jikin murfin da ake zuba mai. A zafinmu, kuma ga injin da ya ci kilomita masu yawa, ana iya hawa zuwa 10W-40 ba tare da matsala ba. Amma 20W-50 da ake zuba wa kowace mota a garejinmu, man tsofaffin injuna ne da suka riga suka saki, kuma da safe yakan yi jinkirin isa saman inji, alhali a waɗannan ƴan daƙiƙun farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ingancin man kansa. Ka sayi galan da hatiminsa bai taɓu ba, a gidan mai ko shagon da aka sani, ka guji wanda ake aunawa daga duro, domin jabun mai da tsohon mai da aka tace aka sake ɗurawa suna yawo a kasuwa, ido kuma ba ya bambance su.

Wannan inji an san shi da shan mai idan ya tsufa, musamman wanda aka yi sakaci da juyensa, saboda ƙananan hujojin da mai ke komawa ta cikinsu a jikin fistin sukan toshe da datti. Ka riƙa zare sandar awon mai sau ɗaya a mako, da safe, mota tana tsaye a wuri mai daidai. Kada ka jira jar fitilar mai ta kunna. Ita matsin mai take nunawa, kuma lokacin da ta haska a kan hanya ɓarna ta riga ta fara, abin da ya rage kawai shi ne a kashe inji nan take.

Sai maganar tamostat, wadda ita ce na fi so ka saurara da kyau, domin al'ada ce da ta zauna daram daga Maraɗi har Katsina, har ana ganin wanda bai cire ba kamar bai san mota ba. Aikin tamostat shi ne ya riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, wajen digiri 82 zuwa 88 gwargwadon mota, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Idan ya buɗe, ba ya hana komai wucewa, saboda haka tamostat mai lafiya ba ya sa mota zafi. Idan aka cire shi, injin yakan daɗe da sanyi, musamman da safiyar Disamba da Janairu, kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara fetur tana zaton inji bai ɗumama ba, fetur ɗin da ya yi yawa ya wanke man da ke jikin silinda ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ka ga an yi asarar fetur, an kuma rage wa inji kwana. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a injuna da yawa tamostat idan ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji, to idan babu shi wani kaso na ruwan zafi zai riƙa komawa ba tare da ya bi ta lagireto ba, kuma hakan zai bayyana ne a doguwar tafiya da tsakar rana. Idan kana shakkar wanda ke jikin motarka, a ciro shi a saka cikin tukunyar ruwa a kan wuta, za ka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. Idan bai buɗe ba, a sa sabo.

Ta fuskar bel ɗin taimin, wanda ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ka yi sa'a, domin Corolla mai fetur ta wannan zamani sarƙa take amfani da ita, sarƙa kuma tsabtataccen mai kawai take bukata. Masu tsofaffin Corolla na shekarun 1990 da masu Peugeot 406 su ne ke da bel na roba, wanda ake sauyawa tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 ko bayan kamar shekara biyar. A Peugeot ɗin, idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yakan bugi bawul ya lanƙwasa su. Duk wanda ya sayi irin waɗannan bai ga takardar ranar da aka sauya bel ba, ya sauya shi tare da famfon ruwa a makon farko.

Matatar iska kuwa, a duba ta kowane juye, a lokacin hazo ma fiye da haka. Busa ta da iska mai ƙarfi da yaran gareji ke yi yana yaga takardar a inda ido ba ya gani, daga nan ƙura ta samu hanya kai tsaye zuwa cikin silinda. A kakkaɓe ta a hankali, idan ta yi duhu a sayi sabuwa.

Tambaya: Ni ƴar kasuwa ce, ina yawan zuwa Damagaram da Yamai da motata. Direbana yana ƙara mata ruwan famfo kusan kowace safiya, ya ce haka kowace mota take. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, ba haka ba ne. Hanyar ruwan inji a rufe take, mota mai lafiya tana iya yin watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Idan ana ƙarawa kullum, akwai inda yake fita, ko ta tiyo da ya tsage, ko ta famfon ruwa, ko ta murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, ko kuma, wanda ya fi muni, ta gasket ɗin kan inji. Alamomin na ƙarshen su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya yi zafi, kumfa da ke tasowa a bakin lagireto, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara. A fara da murfin, shi ya fi araha kuma shi aka fi mantawa da shi. Matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya ɗaga shi zuwa sama da 120.

Ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa cikin siraran bututun lagireto, suna kuma sa tsatsa. Ruwan sanyaya inji na galan, kore ko ja, ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba, yana ɗauke da maganin tsatsa kuma yana ƙara jure zafi. A wanke hanyar ruwan gaba ɗaya, a zuba shi, a sauya bayan shekara biyu idan na gama-gari ne. Hanyar Yamai ta wuce kilomita 600, saboda haka ki umarci direban ya riƙa duban allurar zafi, idan ta haura ya tsaya ya kashe inji, kada kuma ya buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin tururin yana ƙona fuska da hannu.

Tambaya: Ni ɗan tasi ne, wani lokaci nakan sha ruwa-ruwa, wato fetur ɗin kwalba, a bakin hanya. Yanzu fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kunna, motar kuma tana shaƙewa idan na taka. Wani ya ce a cire kwan fitilar kawai.

Amsa: Ɗan'uwa, cire kwan ba zai gyara abin da ya sa ta kunna ba. Fetur ɗin kwalba da jarka yakan zo da ƙasa da ruwa, waɗanda ke toshe matatar fetur da bakin injekta, su kuma gajiyar da famfon da ke cikin tanki, musamman ga mai yawo da tanki kusan babu komai, tun da fetur ɗin ne ke sanyaya famfon. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da wurin da ake jona na'urar bincike ta karanta lambar matsalar, kuma akwai masu wannan na'ura a garejin Maraɗi. A karanta tukuna kafin a sayi komai, sannan a duba matatar fetur da buji. Idan fitilar tana ƙyaftawa ne maimakon ta tsaya cak, wata silinda ce ba ta ƙona fetur, kuma ci gaba da aiki a haka yana narkar da matatar hayaƙi da ke cikin salansa, don haka ka ajiye motar har a gyara.